Kafintan da Ya Kwance Rufin Garinsu

Jirgin ƙasa ne ya haifi garin. Da can fili ne fetal, sai aka kafa 'yar tasha don lodin masara da auduga. Kafin ka ce kwabo an yi kasuwa, an yi makaranta, an yi ɗakin shan magani. Kafinta ya zo yana saurayi, da zarto da guduma a buhu. Ya kan ce sauka ya yi shan ruwa jirgi ya tafi ya bar shi. Matarsa kuwa cewa take ƙarya yake yi, ita ya hango a bakin rijiya ƙafarsa ta ƙi komawa.

Shekara talatin ba a ɗora kwano a garin ba sai da hannunsa. Shagonsa na bayan tasha, kullum ƙamshin sabon katako, shi kuma fensir a bayan kunne, kusoshi a baki, yana magana ta hanci. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, ta yi karatun jinya ta zauna a birni.

Sai aka shimfiɗa kwalta ta wani gari mai nisan rabin yini. Manyan motoci suka ƙwace lodi. Jirgi ya fara wucewa ba ya tsayawa, daga baya ya ɗauke ƙafa ɗungurum. Fari ya biyo baya shekara biyu a jere, wani kamfanin noma ya shiga sayen gonaki.

Amininsa mai injin niƙa ne ya fara zuwa shagon.

"Kafinta, aiki na kawo maka."

"Ɗaki za ka ƙara? Da wannan furfurar?"

"Rufina za ka kwance mini. Da kwanon zan tafi."

Kafinta ya ɗauki tsani. Kusoshin da ya buga da hannunsa ya riƙa zarewa, yana miƙe su a kan dutse don kada abokinsa ya sayi wasu a can.

Aikin da ya ci da shi ke nan shekara shida. Ya kwance gidan tela, ya kwance rumfar mahauci, ya kwance makaranta. Gidan da ba rufi kuwa damina ɗaya ta ishe shi. Wata rana ya dawo, matarsa ta ajiye masa ruwa ta ce, "Malam, kai ka rufa wa garin nan asiri, yanzu kuma kai kake tona shi."

"In ban yi ba wani zai yi," in ji shi, "ya lanƙwasa wa bayin Allah kwano a banza."

A tsakiyar wata damina ciwo ya kwantar da matar. Ɗakin shan magani ya daɗe da zama kango. Ya ɗora ta a amalanken shanu ya nufi kwalta, laka har gwiwa. Ba su ci rabin hanya ba ta ce ya tsaya ta huta, kuma ba ta sake magana ba. Ya juya kan shanun. Maza uku suka rage a garin, duk tsofaffi, su suka yi ta karɓa-karɓa da magirbi har kabarin ya samu.

'Yar ta zo ta ce, "Baba, haɗa kayanka."

"In bar uwarki da wa?"

Ya ƙara shekara guda shi kaɗai, yana ji yana gani tarakta ta nome filin kasuwa, masara ta tsiro har bakin ƙofarsa. Da gwiwa ta hana shi jan guga, 'yar ta dawo da mota, wannan karon bai yi musu ba. Direban ya dubi rufin ya ce, "Baba, kwanon nan da sauransa, mu cire mana."

"A bar shi," in ji Kafinta. "Ko wani matafiyi ya fake."

Shekara biyu ya yi a ɗakin baya na gidan 'yarsa, yana gyara wa maƙwabta kujeru ba ya karɓar ko sisi. Ba ya cin abinci sosai. Duk direban da ya gani sai ya tambaye shi ko ya bi ta wajensu. Direban da ya kwaso shi ya taɓa bi ta can, ya kuma gaya wa 'yar a ɓoye cewa ko sati ba a yi ba aka sace kwanon, bango ya zube. Ta roƙe shi ya yi shiru. Har tsohon ya rasu, in ya tambaya, sai ta ce, "Gida yana nan lafiya, Baba."