Ƙusoshi Saba'in a Aljihun Tsoho Cen

Har gobe ba na mantawa da ranar da Lauban ya kira ni ofishinsa ya ce in rufe ƙofa. Wata Litinin ce a ƙarshen shekarun 1990, lokacin ina aiki a wata masana'antar fata a Shiling, can wajen birnin Guangzhou. Lauban shi ne maigida a yarensu, kuma duk ɗan kasuwarmu da ya yi mako guda a can, Bakano ne ko ɗan zangon Kumasi, da wannan suna zai riƙa kiran mai shago. Ku da kuka shigo aikin kula da ma'aikata kwanan nan, ku saurara, domin a ranar na fara tafka kuskuren da ya fi kowanne damuna a shekarun aikina.

Ni tafinta ne a masana'antar. Karatu ya kai ni China, na iya yarensu, da na gama sai aka ɗauke ni in riƙa tsayawa tsakanin ma'aikata da 'yan kasuwarmu masu zuwa sarin jakunkuna. Sashe biyu muke da shi. Ɗaya na ɗinka jakunkunan mata, ɗaya kuma na yin safar hannu ta fata, irin wadda ake cafe ƙwallo da ita a wasan besbol. Lauban mutumin Taiwan ne, kuma wannan wasa ya shiga ransa fiye da kima. Ya kafa wa masana'antar ƙungiya daga cikin ma'aikata, duk Lahadi da rana a kara da ƙungiyoyin wasu masana'antun.

Ga wanda bai san wasan ba, ga shi a taƙaice. Mutum ɗaya yana tsayawa a tsakiyar fili ya jefo ƙwallo da iya ƙarfinsa, abokin hamayya ya yi ƙoƙarin make ta da sanda, in ya make sai ya sheƙa ya zagaya kusurwoyi huɗu kafin a cafko ta. Wasan kashi tara ne, kowane kashi ana ce masa zagaye. Mai jifa shi ne ƙashin bayan ƙungiya, kuma namu, wani mai suna Jang, babu kamarsa a duk yankin. Magidanci ne daga lardin Sichuan, yana da mata da 'ya'ya biyu a ƙauye, kuma a ranakun aiki shi ke kan injin da ke datse fata.

Manajan ƙungiyar kuwa shi ne Tsoho Cen. Gwanin yankan fata ne da Lauban ya taho da shi daga gida, idonsa ya yi rauni, sai aka bar masa ƙungiyar. Wannan muƙami ne kaɗai ya riƙe shi a cikin manya.

A ofishin na tarar da Mista Wu, mataimakin Lauban, ya harɗe ƙafa. Lauban bai yi wani kewaye-kewaye ba.

"Sanusi, jiya mun sha kashi. Muna gaba, Cen ya cire Jang a zagaye na shida. Karo na uku ke nan. Wu ya ce tsohon ba ya tsinana komai, Jang ne ke ci mana wasa. Ya ce ma akwai abin da ya fi haka."

Wu ya karɓe. "Kafin kowane wasa sai tsohon ya sha shayi da manajan abokan hamayya. Ka je ka gani da idonka."

"Me ya sa ni, Lauban?" na tambaya.

"Kai ba ɗan'uwan kowa ba ne a nan. Ka zauna kusa da shi Lahadi uku, ka rubuto mini abin da ka gani."

In faɗa muku gaskiya, daɗi na ji. Ni mutum ne mai zargi tun asali. Ko gaisuwa aka tsawaita mini sai na tambayi kaina me ake nema. Ga shi kuma na taso da kallon ƙwallon ƙafa, inda koci ke tsaye bakin fili yana ihu har muryarsa ta dishe. A wurina wannan shi ne aiki.

Lahadi ta farko na iso da wuri. Da idona na ga Tsoho Cen ƙarƙashin wata bishiya shi da manajan ɗaya ƙungiyar, suna kurɓar shayi a 'yan ƙananan kofuna suna dariya. Na rubuta. Da aka fara wasa ya zauna a kan benci kamar an dasa shi. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Abin da na lura da shi shi ne hannunsa. Duk lokacin da Jang ya yi jifa, sai tsohon ya sa hannu a aljihun dama, ya fito da shi, ya kai aljihun hagu. Can a zagaye na shida ya laluba aljihun dama, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, sannan ya miƙe ya shiga fili ya karɓi ƙwallo daga hannun Jang. Na dubi ɗaya bencin, na ga manajansu yana kallonmu. Aka sa wani mai jifa, aka yi mana ci huɗu a jere.

Na matsa kusa da shi. "Malam Cen, me ya sa ka cire shi? Ai yana kan ganiyarsa."

"Ya isa haka," ya ce.

"Ciwo ya ji?"

"Meyo," ya ce, wato babu. Bai ko dube ni ba.

Lahadi ta biyu na tafi da Alhaji Garba, wani ɗan kasuwar Kano da ke sarin jaka a wurinmu. Kayansa ba su kammala ba, zaman otal ya ishe shi. Muka zauna, ya yi ta hamma yana cewa wannan wane irin wasa ne da mutum tara za su tsaya suna kallon mutum ɗaya. Na nuna masa hannun tsohon, na raɗa masa abin da nake zato, cewa alama ce yake yi wa abokan hamayya.

Alhaji ya zuba masa ido na ɗan lokaci. "Kai Malam Sanusi, anya kuwa? Wallahi ni dai wannan tsohon ya yi mini kama da mai jan carbi. Lissafi yake yi."

"Haba Alhaji, lissafin me? Ga allo can ana rubuta ci."

"To, oho. Kai ne ka ji yarensu. Amma ka tambaye shi mana kafin ka ɗora wa bawan Allah laifi."

"Ai na tambaya, Alhaji. Mai gaskiya ba ya ɓoye-ɓoye."

"Allah ya kyauta. Kai dai ka cika zargi, ko ni da nake ba ka goro ba ka bar ni ba."

Muka yi dariya, maganar ta wuce. Ban sake tambayar tsohon ba. Ban tambayi Jang ba. Lahadi ta uku ma da takardata a rubuce na je filin, abin da ya rage sa hannu kawai. Na rubuta cewa manaja ba ya ba da umarni, yana hulɗa da abokan hamayya, yana yin wasu alamu da hannu da hula, kuma yana cire gwanin 'yan wasa ba tare da dalili ba. Ban rubuta kalmar cin amana ba, amma duk wanda ya karanta ya san inda na dosa.

Ƙa'idar masana'antar ita ce a kira wanda aka kai ƙararsa, a karanta masa, a ba shi dama ya kare kansa. Aka kira Tsoho Cen. Lauban ya tambaye shi sau biyu dalilin cire Jang. Tsohon ya tsaya riƙe da hularsa, ya ce shi ne manaja kuma haka ya ga ya dace. Shi ke nan. Aka mayar da shi ɗakin ajiyar guntayen fata a bayan masana'anta, aka ba Mista Wu ƙungiyar.

Abin da ya ƙara mini girman kai shi ne nasarar da ta biyo baya. Wu ya bar Jang yana jifa daga zagaye na farko har na tara, muka ci wasa huɗu a jere. Wu yana tsaye yana ihu irin yadda nake so. Lauban ya dafa kafaɗata a gaban mutane. Na riƙa gaya wa duk wanda ya tsaya saurarena cewa manaja ba komai ba ne, 'yan wasa ne ke yin aikin, ko kujera aka ajiye a benci za a ci.

A wasa na biyar, zagaye na takwas, Jang ya ɗaga hannu ya yi jifa, ƙwallon ta faɗi a gabansa. Ya durƙusa ya riƙe gwiwar hannunsa ta dama. Bai yi kuka ba, amma fuskarsa ta yi fari fat. Ni aka sa na raka shi asibiti. Likita ya ce jijiya ce ta tsinke, kuma ta daɗe da rauni. Jifa dai ya ƙare. Da na tambayi batun injin datse fata, wanda ake jan ƙarfensa da hannun dama tun safe har yamma, likitan ya girgiza kai.

Washegari da hantsi na zagaya ɗakin guntayen fata. Na tarar da Tsoho Cen yana ware su bisa launi. Labari ya riga ni isa.

"Nawa ya jefa?" ya tambaye ni.

"Ban sani ba. Ban ƙirga ba."

"Wu fa?"

"Ba na jin ya ƙirga."

Ya sa hannu a aljihun dama ya zube wani abu a kan tebur. Ƙananan ƙusoshin tagulla ne, irin waɗanda muke maƙala wa jaka hannu da su.

"Saba'in ne," ya ce. "In ya jefa ɗaya, in mayar da ɗaya hagu. In aljihu ya ƙare, shi ma ya ƙare. Tun bara na ga yadda yake riƙe tsinken cin abinci ranar Litinin, hannun yana rawa. Na gwada tamanin, ya yi masa yawa. Saba'in yake iya ɗauka ya kuma tashi ya ja inji."

"To me ya hana ka faɗa wa Lauban?"

Ya dube ni, karo na farko ke nan da ya dube ni sosai. "Kai ne kake fassara wa baƙi dokokin gidan nan. Me ake yi wa mai raunin hannu a kan injin datsa?"

Na sani sarai. Sallamarsa ake yi, saboda gudun haɗari. Da tsohon ya buɗe baki a ofis, da ya tsira da muƙaminsa, Jang kuma ya koma ƙauye a ranar. Tsohon ya ce bayan an karɓe ƙungiyar daga hannunsa ya roƙi Jang ya riƙa cewa ya gaji, amma wane ma'aikaci ne zai ce wa mataimakin Lauban ya gaji? Manajan da suke shan shayi tare kuwa ɗan garin su Cen ne, tare suka yi makaranta. Hular ma zafi ne kawai ke sa ya cire ta kafin ya miƙe.

Kunya ta rufe ni. Ga carbi a aljihuna, kullum sai na ja shi bayan kowace salla, amma na zauna Lahadi uku kusa da mutumin da ke ƙirga ban gane ba. Alhaji Garba da bai san ko sunan wasan ba ya gane a zama ɗaya.

A ranar na koma wurin Lauban na ce rahotona ƙarya ne, ko da yake duk abin da ke cikinsa na gani da idona. Ya saurare ni har ƙarshe. Bayan mako biyu aka mayar wa Tsoho Cen ƙungiyarsa. Ba tare da Jang ba, wasa ɗaya suke ci su faɗi biyu, kuma ban sake jin wani ya yi ƙorafi ba.

Tun daga nan, in aka tambaye ni ko shugaba na da tasiri a nasarar mutanensa, nakan ce ban san yadda ake auna shi a allo ba. Wu ya ci wasa huɗu, kowa ya gani. Cen ya riƙe wa mutum hannunsa da abincin iyalinsa shekara guda, kuma ba mu san yana yi ba sai da muka hana shi. Don haka in aka tura ku bincike a kan wani shugaban sashe, kada ku rubuto mini abin da kuka gani kawai. Ku tambaya, in aka yi muku shiru ku nemi sanin wa shirun yake karewa, kuma kada ku je da takarda a rubuce kamar yadda na yi.

Da aka sallami Jang daga aiki, ni na raka shi tashar mota ranar da zai koma Sichuan, na ɗaukar masa jakarsa. Bai san ni na rubuta rahoton ba, sai ma godiya yake ta yi mini saboda asibiti. Na gaya masa a bakin ƙofar motar. Ya ce ai shi ma ya so a gan shi yana cin wasa. Da zai hau sai ya miƙo mini hannu mu yi sallama, hannun hagu, domin na daman yana rataye a wuyansa. A gidanmu an hana mu karɓar ko da kofin ruwa da aka miƙo da hagu. Na sa hannuna biyu na karɓa.