Tarin Injin Baba Yohanna

Ba zan faɗi sunana ba, don mahaifina yana raye, kuma kunyar da na ja masa ta isa haka. Ni ɗan wani ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure, inda kowa manomin rani ne: shinkafa, tumatir, albasa. Kafin na lalace ba a san ni da ɗauke-ɗauke ba. An san ni da buga faranti da bokiti da duk abin da zai yi ƙara, har Inna ta kan ce ko turmi aka bar ni da shi sai na mai da shi ganga. Na gama sakandare ba yabo ba fallasa, na koma gona wajen Baba, amma hankalina ba ya wajen shuka.

Gidanmu shi ne na ƙarshe kafin kanal, wato babbar hanyar ruwan da ake shayar da gonaki da ita. Duk wanda gonarsa take kan tudu sai ya ja ruwa da injin ban-ruwa, kuma inji ba abin bari a gona ba ne. Saboda haka da yamma manoma kan kawo injunansu zauren Baba su jera, da safe kowa ya ɗauki nasa. Ba a biyan Baba ko sisi, ba kuma wanda yake rubuta komai. An yarda da shi ne kawai, shi kuma ba abin da yake ji da shi a duniya irin wannan yardar.

A farkon shekarun dubu biyu wani ɗan ƙanen Inna da yake aikin buga takardu a Kano ya nuna mini abin da ya juya mini kai. Ya saka wani faifai a kwamfuta, sai ga wasu 'yan akwatuna a jere a kan gilashin. In ka danna wannan ganga ta buga, in ka danna wancan wata murya mai kauri ta biyo ta, ga fiyano, ga abin busa, duk ba makaɗi ko ɗaya. Ka jera su, su yi ta zagayowa da kansu, kiɗan rawa irin na disko yana fita. Ranar ko abincin da aka kawo mini ban ci ba. Da aka cire albasa na karɓi rabona, na sayi tsohuwar kwamfuta da 'yar sifika, na kafa su a ɗakina. Baba ya leƙo sau ɗaya, ya dube ni, ya ce, "In dai ba za ta hana ka salla da gona ba." Bai sake leƙowa ba, kuma bai taɓa tsayawa ya saurari abin da nake haɗawa ba.

Matsalata wuta ce. Sai ka yi nisa da haɗa kiɗa, ganga ta zauna, komai ya hau, a ɗauke wuta, aikin duka ya bi ruwa. Na samo ƙaramin janareta na hannu, shi kuma cikinsa ba ya cika. Wata rana da la'asar ina tsakiyar wani kiɗa mai daɗi sai man janareta ya ƙare. Na fito ina huci, na ratsa zaure, sai idona ya sauka a kan injunan mutane. Na ce a raina ɗan kaɗan zan zuƙa daga tanki ɗaya, gobe in mayar. Ban mayar ba, kuma ba wanda ya lura. Daga nan na koyi zuƙar kaɗan-kaɗan daga kowane tanki yadda ba za a gane ba, har ina yaba wa kaina wayo.

Wanda ya fara ganewa shi ne Sale, wani bakaniken injuna a bakin titi. Ya ga ina kunna janareta kullum amma bai taɓa ganina wajen masu sayar da mai ba. Ya yi dariya ya ce, "Kai da kake kwana da injuna, me zai sa ka tsaya a mai?" Na fara kai masa fulogi da mesa da nake cirewa daga injunan zaure. Daga baya muka koma gonakin wajen Bunkure inda ba a san fuskata ba, mu ɗauke injin da mai shi ya bari ya tafi cin abinci. Da abin da nake samu na sayi manyan sifiku da makirfo. Kiɗana ya fara fita, masu kaset suna kwafa, 'yan acaɓa suna sakawa, samari suna nuna ni in na wuce. Na yi wa kaina doka ɗaya, cewa ba zan taɓa ɗaukar inji sukutum daga zauren Baba ba, kuma saboda wannan dokar nake ganin ni ba ɓarawo ba ne sosai.

Akwai wani dattijo Kirista da ya zo daga wajen Filato ya daɗe a cikinmu, muna kiransa Baba Yohanna. Yana hayar wata gona a kan tudu yana tumatir, kuma shi da Baba aminai ne, har tuwon salla da shinkafar Kirsimeti suna aika wa juna. Wata rana da yamma ya kawo injinsa ya ajiye a gefe, ya ce da Baba injin ya fara ba shi matsala, gobe zai kai gyara. Ni a lokacin akwai wani allon fiyano da ake jonawa da kwamfuta da na gani a Kano, ya hana ni sukuni. Da aka kira magariba Baba ya tafi masallaci, zaure ba kowa. Na tsaya ina kallon injin nan da yake can gefe shi kaɗai, na ce ai dama lalatacce ne. Na naɗe shi a buhu, na ɗora a mashin, na kai bayan shagon Sale.

Washegari Baba ya tara mu a tsakar gida, ya tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina na kalli idonsa na ce ban gani ba. Ya fita zaure inda manoma suka taru, ina jin muryarsa daga ciki. Ya ce, "Na tambayi gidana, ba mai hannu a ciki. Ni na tsaya musu. Amma a zaurena ya ɓata, don haka Yohanna ɗauki nawa." Baba Yohanna ya ƙi, Baba ya rantse sai ya ɗauka, domin tumatirinsa yana fure, in ya rasa ruwa a satin nan ya tashi a banza.

Tumatirinmu ma yana fure. Baba ya koma ɗiban ruwa da bokiti daga kanal zuwa kan tudu, dattijo mai ciwon gwiwa. Ni ma na ɗauki bokiti ina binsa a baya, ina kallon yadda rigarsa take manne da bayansa don gumi. Wallahi na ji tausayinsa, amma tsoron tonuwar asirina ya fi tausayin ƙarfi. Rabin gonar ya bushe muna kallo.

Sale ya ce ba za a sayar da injin ba sai ƙura ta lafa, kuma sai an ji abin da ke damunsa. Muka tayar da shi a bayan shago. Yana tashi na ji wani abu: ya buga, ya buga, ya buga, sai ya yi wani tari kamar zai mutu, ya sake kamawa. Haka yake yi ba ya kuskurewa. Sale yana zagin kafireton injin, ni kuwa ƙafata ta riga ta fara bin sa. Na koma gida a guje na ɗauko makirfo da rakoda na naɗi ƙarar. Na zuba ta a kwamfuta, na yanko daidai wurin bugun da tarin, na sa ya riƙa maimaituwa, na ɗora ganga mai nauyi a ƙarƙashi da fiyano a sama. Duk mai hankali zai ce in goge, amma a lokacin kunnena ne yake tuƙa ni. Ban taɓa haɗa abin da ya kai shi daɗi ba, kuma da tarin injin kiɗan yake buɗewa, shi kaɗai, kafin komai ya shigo.

Kiɗan ya karɓu fiye da duk na baya. Ranar kasuwar Bunkure ina zaune a rumfar mai kaset, ya ƙure sifika, yara suna rawa a gaban rumfar, ni kuma na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ina amsa gaisuwa. Sai na hango Baba Yohanna yana tahowa da buhun taki a kafaɗa. Ya wuce rumfar da 'yan taku, ya tsaya cak. Ya sauke buhun, ya dawo, ya ce da mai kaset, "Ɗana, mayar mini da shi farko." Aka mayar. Ya sunkuyar da kai yana saurare. Ya ce a sake mayarwa. Sannan ya tambayi wanda ya yi kiɗan, mai kaset ya nuna ni da alfahari.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, ai duk injuna haka suke ƙara, a gona na naɗa."

Ya dube ni ya ce, "Wannan tarin ranar da na kawo shi zaurenku ya fara shi, da la'asar, ni kaɗai ne a gonar. Na kashe shi, ban sake jin muryarsa ba sai yau."

Bai ɗaga murya ba, bai tara mini jama'a ba. Ya sayi kaset ɗin, ya sa a aljihu, ya ɗauki takinsa ya tafi. Na so in gudu Kano, har na hau mashin, amma na rasa inda zan dosa, na yi ta yawo a kan hanyoyin gonaki har rana ta yi sanyi. Da na iso gida na tarar da su biyu a zaure, rediyon Baba mai cin kaset tana tsakaninsu, kiɗana yana tashi. Karo na farko ke nan da Baba ya zauna ya saurari abin da na haɗa. Ya bar shi ya kai ƙarshe, ya kashe, ya ce, "Ina yake?" Na faɗa masa. Ya ce, "Shi kaɗai ne?" Na ce akwai wasu.

Baba Yohanna ya roƙe shi a kashe maganar a gida, ya ce shi ya yafe, a dawo masa da injinsa kawai. Baba ya ce, "Naka ka yafe. Na sauran mutanen fa? Kuma na tsaya a nan na ce gidana ba ɓarawo." Shi da kansa ya riƙe hannuna zuwa wajen mai unguwa, daga can aka kira 'yan sanda. A bayan shagon Sale aka samu injuna da kayan mutane da yawa, shi kuma tun kafin a matsa shi ya zayyana duk inda muka je tare. Alƙali ya ɗaure mu. Aka sayar da kwamfutar da sifikun aka rage wa masu kaya asara.

Ba zan ba ku labarin gidan yari don ku ji tausayina ba. Akwai yunwa, akwai ƙaiƙayi, akwai cunkoson da in za ka juya sai ka nemi izinin na kusa da kai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kiɗan nan ya ƙi fita daga kaina, in na rufe ido sai in ji tarin injin, in ga Baba da bokiti. Inna ta zo dubiya, ita ta gaya mini cewa Baba da kansa ya bi manoma gida-gida ya ce kowa ya nemi wani wurin ajiya. Sun ce sun yarda da shi, ya ce shi ne bai yarda da gidansa ba. A gidan yarin na koma ga salla da gaske, na yi kuka, na roƙi Allah gafara.

Da aka sake ni na fara zuwa wajen Baba Yohanna, ya ce abin ya wuce, har ya ba ni ruwa na sha. Na je gida na durƙusa gaban Baba. Ya ce, "Na yafe maka tun kana can. Ɗakinka yana nan, abincinka yana nan. Amma in aka tambaye ni ko kana da amana, ba zan yi ƙarya ba." Na ɗauka faɗan ɓacin rai ne. Bayan 'yan watanni na nemi aiki a wani injin casar shinkafa a Kura, mai wurin ya ce sai ya ji ta bakin mahaifina. Muka je tare, ya tambaye shi a gabana ko zai tsaya mini. Baba ya kalli ƙasa bai ce komai ba, har mutumin ya gaji ya miƙe.

Ku samari masu sha'awar kiɗa, ban ce kiɗan ne ya kai ni kurkuku ba, kwamfuta ba ta taɓa aike na sata ba. Ku haɗa kiɗanku da abin da kuka mallaka, in mai ya ƙare ku kashe janareta ku jira. Ni daga zuƙar ɗan fetur na fara, ina cewa gobe zan mayar. Kuma ku duba gidanku, akwai wanda yake tsayawa gaban mutane ya ce ya tsaya muku, kada ku mai da shi maƙaryaci. Yanzu ƙwadago nake yi a gonakin mutane, ko allura na tsinta sai na nemi mai ita. Baba ya tsufa sosai, idonsa ya fara rauni. Addu'ata kullum ita ce kada Allah ya ɗauke shi sai an sake yi masa wannan tambayar a kaina, ya ɗago kai ya amsa.