Jan Babur a Ƙofar Mai Takaba

Ƙarfe huɗu na yamma ne, a zangon Yendi, kuma ranar ba za ta taɓa fita daga raina ba. Mu uku ne a ɗakin: ni, da matar gidan, wadda take takaba, da matar da na zo yi wa tambayoyi. Aikinta raka matan da mazansu suka rasu wajen hukuma, idan dangin miji suka tashi korarsu daga gida.

A lokacin an zaɓe mu, matan unguwa, mu zaga Salaga da Yendi da Bawku muna binciken abin da ke kare masu irin wannan aiki. Ni kuwa ba na tsallake tsari: gaisuwa, neman izini, sannan tambaya.

Ko izinin ban gama nema ba, wadda na zo yi wa tambayoyin ta ɗaga labule, ta sake shi. "Sun zo," in ji ta. Ƙannen mamacin ne. Sun gane jan babur ɗinta da duk gari ya sani. Ɗaya ya hau babur ɗin ya zauna, ɗaya ya tare ƙofa da sanda yana cewa mai raba zumunci ta fito.

Na tashi, na zauna, na sake tashi. Na ce a kira 'yan sanda. Ta ce, "'Yar'uwa, kafin su iso an fasa min kai, gobe kuma kayan wannan baiwar Allah suna titi."

Mai takabar ce ta leƙa ta katangar baya, ta ce wa maƙwabciya a gaya wa Magajiya, shugabar matan zango, ana son 'yan gaisuwa. Muka jira, sanda na bugun ƙofa. Can sai ƙarar babura, ɗaya bayan ɗaya, kowace mace da tsohuwa a bayanta, tana ajiye nata jikin jan nan.

Magajiya ta tsaya gaban na zaunen. "Ɗana, yanzu daga kan babur ake gaida uwa?"

A garin nan durƙusawa ake yi a gaida babba. Ya sauko ya durƙusa. Kafin ya miƙe wata tsohuwar ta iso, gwaggonsa ce ma. Mai sandan ya ajiye ta, shi ma ya durƙusa. Ana cikin tambayarsu gida da yara, mai jan babur ɗin ta tura abinta ta wuce. Mai takabar kuwa tana gidanta har yau.

Amsar da na je nema ke nan, ban ma yi tambayar ba: mace mai tsaya wa wasu, sai an gan ta ita kaɗai ake taɓa ta. Saboda haka ina roƙonku, in kun ga babur ɗin irinta shi kaɗai a ƙofar wani gida, ku ajiye naku kusa da shi.