Jirgin da Baba Ya Zana a Tsakar Gida

Wata safiyar Talata ce a daminar 1991, lokacin da ake kulle gari saboda rikicin siyasa. Babu taksi, kasuwa a rufe, hayaƙin tayoyin da aka ƙona a bakin titi yana shigowa har lungunmu na unguwar New Bell. Na dawo daga famfo da bokiti a kaina, sai na tarar da Baba durƙushe a tsakar gida da gawayi a hannu, ya ja wani dogon layi mai lanƙwasa tun daga bakin madafa har ƙofar zaure. "Dije, kada ki taka," ya ce, "jirgi ne."

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Kamfanin jiragen ruwan da Baba yake wa aikin akawu ya sallame shi, Inna kuma ta kwashe ƙannena sun tafi Ngaoundéré wurin iyayenta har ƙura ta lafa. Ni aka bari saboda jarrabawar gama firamare. Gidan da a da ba a jin maganar juna don hayaniya ya koma mu biyu. Ni ce shara, ni ce wanki, ni ce dafa shinkafa da busasshen kifi, kuma sai mu cinye ba wanda ya ce uffan. Ƙawayen da muke 'yar carafke da su duk an hana su fita.

Jirgin ne ya buɗe bakin Baba. Shekara da shekaru yana hango ƙananan jirage masu tafiya da iska a kogin Wouri ta tagar ofis, bai taɓa shiga ko ɗaya ba. Jirgin da ya zana tsawonsa mita biyar ne, faɗin cikinsa biyu, da ɗan ɗakin da mutum biyu za su fake wa ruwan sama. Sandar tsakiya mita shida. A jikinta za a ɗaura filafili, wato ƙyallen da iska ke turawa, mai kusurwa uku, tsayinsa biyar, gindinsa uku. Ya sa na lissafa faɗinsa da kaina, na samu bakwai da rabi. Da na ce a ƙara girmansa don mu yi gudu, sai ya girgiza kai. "In ƙyalle ya fi ƙarfin jirgi, kifewa za a yi, ma fille," wato 'yata da Faransanci. Kusan kullum ruwa sai ya wanke zanen, kullum kuma sai ya sake shi. Maƙwabcinmu Alhaji Bappa mai sayar da atamfa ya leƙo ya gani, ya ce, "Malam Sani, ina Bahaushe ina teku? Bar wa masu ruwa ruwansu." Daga nan aka fara raɗe-raɗin cewa zaman banza ya taɓa Baba. Na ji da kunnena a famfo, na ɓoye masa.

Katako ya gagare mu, amma mun samu tsofaffin buhunan fulawa a gidan burodi. Muka farke su, na wanke, muka ɗinke da basilla har yatsuna suka yi kanta. Ran da muka gama, da la'asar hadari ya taso, Baba ya ɗaura ƙyallen a doguwar gora, ya kafa ta daidai tsakiyar zanen. Iska ta cika shi ya yi ciki, gorar tana ƙara, mu biyu muna riƙe da igiya ƙafafunmu na zamewa a laka. Baba ya yi dariya har da hawaye, yana ta cewa in riƙe da kyau.

Ba a gina jirgin ba. Na ci jarrabawa, Inna ta dawo, ƙyallen ya zama rumfar da take suyar makala, wato fanke, a ƙofar gida. Baba ya koma rubuta wa mutane wasiƙu a bakin kasuwa har ƙarshen rayuwarsa.

Yanzu ina zaune a unguwar PK 14, gidana cike da yara da ƙarar babura, an kuma gine tsakar gidanmu na New Bell da ɗakunan haya. Na san kowane awo na jirgin nan har yau, amma ban taɓa tambayar Baba ina yake son zuwa da shi ba.