Hanyar da Yaya Idrisu Ya Tafi da Ita

Shekara takwas ke nan cif da muka sallaci Yaya Idrisu bayan la'asar, muka kai shi makwancinsa a nan Jidda. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi masa sadaka in ja bakina in yi shiru, don ni ba ma'abocin rubutu a jarida ba ne. Direba ne ni, a bayan sitiyari na tsufa. Bana dai shirun ya gagare ni. 'Yarsa Sumayya ce ta dawo daga wata tafiya ta yi mini tambaya guda ɗaya, tun ranar ban sake jin ɗanɗanon abinci yadda ya kamata ba.

Tafiyar tata irin wadda ake yayi ce yanzu. Ita da abokan aikinta mata suka hau jirgi zuwa ƙasar Jojiya, can aka haɗa su da jagora, suka yi kwana bakwai suna taka ƙafa daga ƙauye zuwa ƙauye a cikin tsaunuka. Mota ce ke kai musu jakunkuna masauki na gaba, su kuma su bi ta daji da sanduna bibbiyu a hannu, kamar masu ciwon gwiwa. Jagoran na gaba, yana faɗa musu sunan kowane rafi da kowace ciyawa. Ta dawo fuska ta yi duhu, ƙafa duk bororo, tana murna kamar wadda aka yi wa albishir. Ta jero mini sunayen ƙauyukan nan ɗaya bayan ɗaya ba gargada, sunayen da ko harshena ba ya iya juyawa.

Na yi dariya a lokacin, na ce ina ma ubanki na nan. Na san abin da zai fara cewa: wato wahalar da kakanninku suka sha don dole, ita kuke hawa jirgi ku je nema? Zai yi ta tsokanarta har shayi ya huce. Amma na san Yaya. In ya gama tsokanar zai jawo ta gefe ya tambaye ta zango nawa suke yi a yini, da inda suke samun ruwa, da ko mutanen ƙauyen na amsa sallamar baƙo. A cikin zuriyarmu kaf babu wanda zai fahimce ta kamarsa, don shi ma jagora ne, sai dai bai taɓa fita daga ƙasar nan ba.

Mahaifinmu Malam Sale yana ɗan shekara goma ya baro wani ƙauye a ƙasar Haɗeja tare da iyayensa, da niyyar Hajji. Shekara bakwai suka yi a hanya. Su yi tafiya, guzuri ya ƙare, su tsaya su yi noma ko tsinkar auduga, su sake ɗaura kaya. Manyan garuruwan kowa ya san su: Yarwa, Abashe, Janaina, Fashir, har Sawakin a bakin teku. Amma tsakanin kowane babban gari da mai bi masa akwai rijiyoyi da ƙananan ƙauyuka da ba su cikin taswirar kowa. A ɗaya daga cikinsu, tsakanin Janaina da Fashir a ƙasar Sudan, zazzaɓi ya kayar da kakarmu Tabawa, aka binne ta, ayari ya wuce. Mahaifinmu bai sake ganin wurin ba. Wasiyyarsa guda ce, kuma ya maimaita ta har a ciwon ajali: kada sunan ƙauyen nan ya ɓata, ko ba daɗe ko ba jima wani daga jininsa ya je ya tsaya a kan kabarin ya yi mata addu'a.

Ga yadda ya adana hanyar. Bai rubuta ba, ya ce takarda gara ke ci. Sai ya shimfiɗa ta a kan lungunan Nuzla, unguwar da aka haife mu. Ƙofar gidanmu ita ce ƙauyen da suka baro. Tandar mai gurasar tamis ita ce Yarwa. Kowace kwana, kowane dakali, kowane famfo, da zangon da yake wakilta, har a ratsa unguwar Hindawiyya a ɓulla Balad, tsohon gari, inda warin teku ke tarar mutum, nan ne Sawakin. Duk Juma'a bayan asuba yakan kama hannun Yaya su taka, yana kiran sunayen, yana faɗin abin da ya faru a kowane wuri: nan jaki ya mutu, nan aka yi mana sata, nan wata tsohuwa ta ba mu nono. Yakan ce hanya ba a ba da ita a zaune. Da ya rasu, Yaya ya ci gaba da takawa shi kaɗai, kusan shekara talatin, ba ya fashi sai in ciwo ya kwantar da shi.

Ina ƙarami na bi su sau biyu ko uku, hankalina na kan tamis mai zafi da za a saya mini a dawowa. Abin da na riƙe shi ne akwai wata kwana mai bishiyar darbejiya da ta sunkuyo kan wata shuɗiyar ƙofa. A nan suke tsayawa, a kira sunan ƙauyen, a ɗaga hannu a yi wa Tabawa addu'a. Tsayuwar na riƙe, sunan kuwa ya shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan.

Da na girma, sai tafiyar ta koma ba ni kunya. Wanda bai zauna a garin nan ba ba zai gane ba. A Jidda ba a ganin mai tafiya a ƙasa a ce yana motsa jini, a zamaninmu dai. Mai tafiya a ƙasa shi ne wanda ba shi da mota, ko ba shi da takarda, kuma in baƙar fata ne shi ake fara tsayarwa a ce ina iƙama, wato takardar izinin zama. Mu 'ya'yan mahajjatan ƙafa mun tashi muna jin ana yi mana gorin cewa da ƙura a ƙafa iyayenmu suka shigo. Don haka ranar da na fara riƙe makullin mota na ɗauka na wanke wa gidanmu wani abu. Ga ni cikin farar riga da sanyin na'ura, ga yayana, tela mai mutunci, yana ratsa lunguna da gumi yana magana shi kaɗai. Yara har suna ce masa Mai Hanya. Na sha kawar da kai in na hango shi.

Bai taɓa yi mini faɗa ba. Duk bayan 'yan watanni dai zai ce, "Habu, Juma'ar nan ka zo mu taka. 'Ya'yana mata ne, kuma Hausar tasu ta ji ce kawai. Kai ne ka rage." Ni kuma in ce in sha Allahu, irin in sha Allahun da mai faɗa da mai ji duk sun san ma'anarta.

Sau ɗaya na yi abin da na ɗauka dabara ce. Na ce ya shigo mota, in tuƙa a hankali, shi ya yi ta faɗa, wayata na ɗauka. Ya shiga don kada ya kunyata ni. Mota kuwa ba ta shiga lungu, sai na riƙa zagayawa ta babban titi. Ya fara lafiya har Yarwa. Daga nan ya riƙa waige yana neman dakalin da ba mu bi ta gabansa ba, ya kira wata rijiya kafin lokacinta, ya koma baya, ya sake rikicewa. "Halas, ya isa, Habu," in ji shi. "Tsaya ka sauke ni. Kana hargitsa mini ita." Ya sauka ya koma ƙofar gida ya faro daga farko, a ƙasa. Ni kuma na ji haushi, na goge abin da na ɗauka, na tafi wankin mota.

Burinsa shi ne ya taka ta gaskiyar. Ya sha zama yana tsara yadda zai haye teku ya ja mu a baya, mu bi sawun mahaifinmu a juye har kan kabarin. Amma mutumin da zamansa ke rataye da sa hannun kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, fasfonsa kuma na ƙasar da bai taɓa gani ba, tsoron fita yake yi, kada ya juyo ya tarar an rufe ƙofa. Bana a ce sai an sabunta iƙama, baɗi a ce sai an aurar da yarinya. Ana cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Yaya ya daɗe, kuma bai je ba. Zuciyarsa ce ta tsaya wata Laraba yana kan keken ɗinki.

Ko da ya rasu ban firgita ba, kuma wannan ce wautata ta biyu. Na ce ai lungunan na nan. Wata rana in na huta zan taka, ido zai tuna wa kunne, in na tsaya gaban shuɗiyar ƙofar nan sunan zai faɗo mini. Sai rusau ya zo. Aka shafa jan fenti a bangaye, muka kwashe kaya muka watsu, wasu arewacin gari, wasu Makka, wasu aka koma da su ƙasashen da kakanni suka baro. Da katafila ta gama da ɓangarenmu, ba tanda, ba dakali, ba darbejiya. Mutane na kukan gidaje da maƙwabta, ni ma na yi. Ban lura da cewa har da hanyar Malam Sale aka kwashe a cikin tifa ba.

Can kuma inda kabarin yake, yaƙi ne ke ci. Ina jin sunayen Janaina da Fashir a labarai, sunayen da na sani a bakin yayana da safiyar Juma'a, yanzu ana kiransu tare da gawarwaki da 'yan gudun hijira. Wani lokaci nakan ce gara da Allah ya ɗauke shi bai ji ba. Na nemi tsofaffin da suka zo daga Sudan, na zauna da su, na kwatanta. Kowa ya ce ƙauyuka a tsakanin nan sun fi a ƙirga, kawo suna mu gaya maka.

To, ranar da Sumayya ta gama ba ni labarin tsaunukanta, sai ta gyara zama ta ce, da Hausarta mai ɗingishi da take cakuɗawa da Larabci, don ko ubanta Abuya take ce masa, "Baffa, wallahi a can kullum ina tuna Abuya. Ya'ani ni na iya tafiya yanzu. In yaƙi ya ƙare ni zan je wurin kaka Tabawa. Bas ka faɗa mini sunan garin."

Na ce mata ta zo Juma'a bayan asuba.

Muka ajiye mota a bakin titi muka shiga filin da ƙafa, ni da ciwon suga da gwiwar da ba ta saba ba, ita da takalmanta na hawan dutse, waya a hannu tana ɗauka. Fili ne fetal, sai tsakuwa da ɓaraguzai. Na ƙiyasta inda ƙofarmu take, na kira ƙauyenmu. Na ƙiyasta tanda, na kira Yarwa. Na kira Abashe, na kira Janaina. Daga nan na yi ta tafiya baki a buɗe, ina jiran wani abu ya zo, har na kai inda nake zaton nan ne kwanar, ko da yake tana iya zama gaba ko baya da taku hamsin. Na tsaya. Ta matso da wayar kusa da bakina. Shaiɗan ya raya mini in ƙago suna, wa zai ƙaryata ni? Na dubi fuskarta na ce, "Ban sani ba, 'yata. Ubanki ya kira ni ya ba ni, na ƙi zuwa."

Ta kashe wayar. Muka ɗaga hannu a wurin muka yi wa Tabawa addu'a, muka haɗa da Malam Sale da Yaya. Da muka shafa ta ce, "Ma'alesh, Baffa, ba komai." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya Idrisu, ba na rasa abin kirki. Akwai rigunan da ya ɗinka da har yau ake sallar Idi da su. Akwai 'yar da ba ta jin kunyar a gan ta tana tafiya a ƙasa, kuma wannan da ya gani da ya yi kukan daɗi. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya isa masauki mafi kyau, Ya haɗa shi da tsohuwar da ya shekara talatin yana tsaya mata. Amma ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce amanar ta tsira ba. Da na sani ƙeya ce, kuma tawa ta yi nauyi. Yaro ɗan shekara goma sha wani abu ya ɗauko sunan nan a ka, ya ratsa daji da yunwa, ya haye teku da shi. Yayana ya riƙe shi har numfashinsa na ƙarshe. A hannuna ya faɗi, don na ga tafiyar awa ɗaya ta fi ƙarfin girmana.