Kakata Hajara da Baturiyar Tarabulus

Bana aka cika shekara sittin da rasuwar kakata Hajara, wadda tsofaffin Matameye suka fi sani da 'Yar Tarabulus. Ana tsakiyar yankan gero ta rasu, ina saurayi ɗan lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram. Yau ga ni na tsufa, jikoki na ja mini gemu, amma har yanzu in na ga an fara ɗaure dammuna, sai in ji kamar in na leƙa bayan rumbu zan tarar da ita a kan tabarma, mazari a hannu, tana kaɗi.

A bayan rumbun nan na ji labarinta, guntu-guntu, lokacin hutu. Ba ta taɓa ba da shi a jere ba. Takan ce, "Kai miji, matso ka riƙe mini zaren nan," sai ta kama daga duk inda zuciyarta ta sauka ranar. Ni ne na jera shi daga baya.

Tana da goyo aka kama ta, tun kafin Nasara su ci ƙasar nan. Ranar ta bar yaron wajen uwarta, ta fita ɗibar tafasa da wasu mata a dajin da ke wajen Dawce, mahara suka faɗa musu. Yaron nan shi ne mahaifina. Daga hannu zuwa hannu har aka haɗa ta da ayarin da ke ƙetare Sahara. Ba ta son maganar hanyar. Abin da take faɗa kawai shi ne, wata safiya rairayi ya ƙare, sai ga wani ruwa shuɗi wanda ba shi da gaɓar ƙetare, har ta zaci sama ce ta faɗo ƙasa. Tarabulus ke nan.

Balaraben da ya saye ta ya 'yanta ta kafin ya mutu. Ta koma bayan gari, inda Hausawa 'yantattu suka kafa bukkoki, tana wankau. Ciwon ido ne ya kai ta gidan 'yan mishan. An gaya mata akwai wani Bature da matarsa a wani lungu kusa da teku suna ba da magani, sai dai akan karanta wa mutum littafinsu tukuna. Ta ce ita dai ido ya warke, kunne ai nata ne. Da matar ta ji tana Hausa da wata a bakin ƙofa, sai ta ajiye kwalbar magani, ta taho tana cewa, "Sanu, sanu!" Ashe mijin Hausa yake koyo, don duk burinsa ya kai wa'azinsa ƙasar Hausa. Kaka ba ta taɓa iya faɗin sunayensu ba. Shi ta raɗa masa Dogo, ita kuma Laraba, don ranar Laraba suka haɗu. Da ido ya warke suka ɗauke ta aiki, girki da wanki.

Zaman gidan, in ji ta, shiru ne da shi kamar ruwan randa. Da safe su durƙusa su biyu su yi addu'a. Da hantsi a buɗe ƙofa, masu ciwon ido da gyambo su cika zaure, Dogo ya karanta musu littafi da Larabci, wasu na saurare, wasu na gyangyaɗi, sannan Laraba ta shiga wanke idanu. Bayan azahar ta tara 'yan mata tana koya musu ɗinki. Ran Lahadi su hau ɗakin sama, wanda shi ne majami'arsu. Kujerun sun fi mutanen yawa. Akwai wani akwatin kiɗa da ake takawa da ƙafa, yana numfashi kamar zugazugin maƙeri. Laraba ta taka, Dogo ya rera da wata murya mai kauri, sautin ya gangaro tsakar gida ya iske Kaka tana tsintar shinkafa. Duk shekarun da ta yi da su ba ta ga mutum ɗaya na garin ya shiga addininsu ba. Kuma ba ta ga Lahadin da suka fasa hawa ɗakin nan ba.

Dogo bai cika zama ba. Ya yi rawani, ya hau raƙumi, ya nufi kudu, Turkawan da ke mulkin ƙasar su juyo da shi daga hanya. Ya dawo a rame, fuska ta saɓule da rana, ya zauna ya yi ta tambayar Kaka sunayen garuruwa da rijiyoyi kamar mai tambayar labarin Aljanna. Bayan 'yan watanni kuma ya sake ɗaura sirdi.

In ba ya nan, da la'asar matan biyu kan hau saman soro kwashe shanya. Nan ne wurin da Kaka ta fi daɗewa in tana labari, har mazari ya tsaya a hannunta. Laraba ta jingina da bangon arewa tana kallon jiragen ruwa. Kaka ta jingina da na kudu tana kallon inda dabino ya ƙare, rairayi ya fara. Kowa ta ba 'yar'uwarta baya, amma suna hira. Laraba, da gurguwar Hausarta, ta ce a ƙasarsu ruwa ba ya ɗaukewa, ciyawa ba ta bushewa, wani lokaci kuma sama ta zubo da wani abu fari kamar audugar da aka shiɓa, ya rufe gari. Kaka ta gaya mata yadda gero ke fitar da kai, da ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, da yadda ɗanta ke kama mata kunne in yana shan nono.

A nan ne wata rana Laraba ta ce ita ma tana da 'ya. Zafin Tarabulus ya kusa kashe yarinyar, sai aka mayar da ita ƙasarsu wajen ƙanwar uwar.

Kaka ta ce sai da ta juyo ta dube ta. "Uwargida, ni da igiya aka raba ni da nawa. Ke wa ya ɗaure ki? Ga jirgi can, kullum yana tafiya."

Laraba ta ce, "Kira na aka yi, Hajara."

"Wa ya kira ki?"

"Allah."

Har Kaka ta bar duniya ba ta gama da wannan amsar ba. Wata rana ta ce wauta ce, wata rana ta ce ai ba ta taɓa ganin mai riƙon alkawari irin matar nan ba.

Nakan tuna da wannan in na bi ta tasha ran kasuwa. Hamadar da aka ja Kaka a cikinta tana kuka, ita ce yanzu matanmu na Kance da Tsauni da Dawce ke hawa manyan motocin kamiyo su shiga da ƙafarsu, su nufi Aljeriya neman abin da damina ta hana. Wasu da goyo a baya, wasu sun bar nasu wajen uwaye. Da tana raye, ban san ko za ta riƙe musu zane ta hana su hawa ba, ko kuwa za ta tsaya ta yi musu irin kallon da ta yi wa Laraba. Abu ɗaya na tabbata zai ba ta mamaki, shi ne salula. A ce uwa tana bayan Sahara, ta ji muryar ɗanta a cikin tafin hannu. Ina jin da sai ta karɓa ta jujjuya, ta ce, "Ina wannan yake a zamaninmu?"

Sau ɗaya tak Laraba ta yi mata tayin wankan shiga addininsu, wanda suke kira baftisma. Kaka ta ce, "Uwargida, an ƙwace mini gari, an ƙwace mini ɗa. Salla kaɗai na iso nan da ita. Bar ni in koma da abina." Laraba ta yi hawaye, ba ta ɓoye ba. Ba ta sake tayar da zancen ba, sai dai Kaka kan ji sunanta a cikin addu'ar safe, tsakanin kalmomin da ba ta ganewa.

Sai ga shekarar da hanya ta samu. Wani madugu Badamagare ya yarda ya tafi da Kaka gida, ta riƙa yi wa ayari tuwo a hanya. Ta ɗaure ƙullinta, ta yi sallama da mutanen bukkoki. Ana saura 'yan kwanaki a tashi, Dogo yana can kudu ba a san inda ya kai ba, zazzaɓi mai zafi ya kwantar da Laraba. Ta daina gane mutane. Tana ta sambatu da harshensu, tana kiran suna ɗaya, wanda Kaka ta san na 'yarta ne. Likita ya zo ya duba, ya ce sai an samu mai ɗura mata ruwa a baki dare da rana, in ba haka ba ba za ta kai sati ba.

Safiyar tashin ayari, madugu ya aiko a ce mata ana jiranta. Kaka ta ce ƙullinta na bakin ƙofa, takalmanta na ƙafa. Ta leƙa ɗaki don ta yi kallon ƙarshe, ta ga leɓen matar ya tsage, hannunta na lalube a kan shimfiɗa. Ta ɗauki cokali ta ba ta ruwa. Ta ƙara. Daga nan ta cire takalma. Tana zaune a gefen gado ta ji kukan raƙuma daga bayan ganuwa, yana nisa, yana nisa, har ya ɓace.

Laraba ta tashi daga ciwon. Da ta ji abin da ya faru, ba godiya ta fara yi ba, faɗa ta yi. "Don me, Hajara? Ɗanki fa!"

"To wa zai ba ki ruwa?" in ji Kaka.

Da shekara ta zagayo, Laraba da kanta ta ɗauki laima ta tafi masaukin fatake, inda mace irinta ba ta taɓa shiga ba, ta tsaya har sai da wani madugu ya ɗauki amanar Kaka. Ran tafiya ita da Dogo suka raka ta har ƙarshen gonakin dabino. Laraba ta riƙe hannuwanta biyu, ta yi addu'a da Hausa, a karye, a birkice, tana roƙon a kai ta lafiya, a sa ɗanta ya gane ta. Kaka ta ce amin da ƙarfi. Dogo kuwa ido ya zuba wa raƙuman kamar zai bi su da gudu.

Ta iso Matameye bayan watanni, ta tarar mijinta ya daɗe da yin wani aure, ɗanta ya girma har yana bin awaki. Ya ɓuya a bayan darni, sai da aka kwana biyu kafin ya yarda ya ci daga hannunta. Ta tambaya ina uwarta. Aka ce ta rasu da daminar da ta wuce. Har ta kwanta ciwon ajali, in ji maƙwabta, in ta ji an ce fatake sun sauka, sai ta sa a je a duba. Da Kaka ta bi ayarin farko, da ta same ta da rai.

Na taɓa tambayarta ko tana da-na-sani. Ta daɗe tana murza zare. Ta ce, "Wata rana ina yi, wata rana ba na yi. Yau dai ba na yi."

Shekaru da yawa bayan haka aka ce 'yan mishan sun sauka Damagaram. Kaka, da furfurarta, ta sa mahaifina ya ɗora ta a jaki suka tafi. Ta tsaya a ƙofarsu ta ce tana neman labarin wani dogon Bature da matarsa mai wanke ido a Tarabulus. Suka ba ta kujera, suka tambayi sunayensu. Ta ce Dogo da Laraba. Suka yi ta tunani, suka ba ta haƙuri. Ba mu taɓa sanin ko Dogo ya taka ƙasar Hausa ba, ko Laraba ta sake ganin 'yarta.

Yanzu in na zauna ina auna abin da ya rage na Kaka, kaɗan nake samu a hannu. Ɗakinta ya rushe tun ina sabon aure. Kabarinta ya baje, ban iya nuna shi daidai ba. Ba ta da hoto. A duk zuriyarta, da muka cika unguwa har muka fantsama Kano da Yamai, ni kaɗai na rage wanda ya ji muryarta. Jikokina sun san sunanta, amma suna jin labarin kamar tatsuniya.

Sai dai akwai wani tunani da ke zo mini tun da na tsufa. Ita ma Laraba ai tana da baki. In Allah ya mayar da ita gida, ba zai yiwu ta tsufa ba ta taɓa faɗa wa kowa cewa wata mata ta ƙi bin ayari saboda ita ba. Ƙila a wani gari mai sanyi akwai wani tsoho sa'ana, yana zaune bakin taga, wanda aka taɓa gaya wa wani suna mai wuyar faɗa, Hajara, da wani gari da ba ya cikin taswirar lakwal ɗinsu. Ban san harshensa ba, bai san nawa ba, kuma ba za mu haɗu ba. In yana nan, mu biyu ne ke riƙe da matan nan, shi da rabi, ni da rabi. Ina gaishe shi daga Matameye. Ita kuma Kaka, Allah ya kai haske kabarinta.