Ranar da aka shafa wa tsohon ofishin En'e suminti

Shekarun baya, ina ajin farko a jami'a, akwai wani gini a garinmu, nan ƙasar Daura, da nake so fiye da yadda ya kamata mai hankali ya so gini. Tsohon ofishin En'e ne, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, an ce tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu aka gina shi. Ginin ƙasa ne, bangonsa ya yi kaurin da za ka zauna a bakin taga ka miƙe ƙafa. Tagogin irin na Turawa ne, amma rufin aikin maginanmu ne, bakan gizo sun taso daga kusurwoyi sun haɗu a tsakiya. Ko da tsakar bazara ka shiga, sanyinsa kamar ka leƙa randa. Da yake ba ni da abokai sosai, can nake karatu in an yi hutu.

A da, duk bayan kaka unguwanni ke haɗuwa su yi masa yaɓe, su gyara indararo. Da dattawan suka ƙare, aka daina. Sai ga labari za a yi masa gyaran zamani: a shafe shi da suminti ciki da waje.

Ni kuwa na karanta cewa bangon ƙasa yakan sha ruwa da damina, ya fitar da shi da rani. In aka rufe shi da suminti, ruwan da ya shiga ta tsaga ba shi da hanyar fita. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana cikin kwamitin gyaran. Na daɗe ina haɗa maganar a raina, har a banɗaki nake maimaita ta, kafin na same shi a ƙofar gida yana hira da abokansa.

"Kawu, dama cewa na yi, sumintin nan..."

"Ɗaga murya mana, ɗan boko! Ko ni surukinka ne?"

Na ɗaga, na yi bayani ina kallon tabarma, har na ce bangon yana bukatar ya sha iska. Wani abokinsa ya ce, "Ashe ginin ma numfashi yake? To a kira masa likita." Suka kwashe da dariya. Kawu ya dafa kafaɗata ya ce, "Baƙi su taso daga Katsina su tarar da ofishinmu kamar rumbu? Mu so muke mu fitar da garin nan kunya. Je ka ci tuwo."

Na je na ci tuwon.

Aka shafe shi, aka yi masa farin fenti, kowa na sambarka. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo. In na ƙwanƙwasa bangon gabas, inda ruwa ke duka, sai ya amsa kamar ƙwarya. Na sake faɗa wa Kawu, ya ce in bar gini ya huta.

Wata Asabar da safe, bayan an kwana ana ruwa, bangon ya zube, rufin ya biyo shi. Allah ya tsare, ba kowa a ciki. Sumintin ya ɓare kamar ɓawon ƙwai, ƙasar ciki ta zama kunu.

Faɗuwar ba ta ƙona mini rai kamar abin da na ji ana cewa a wurin ba: "Dama ginin ƙasa ai haka yake, ba shi da amana." Ginin da ya ga kakanninmu, shi aka ɗora wa laifi. Ba wanda ya ambaci suminti. Aka kawo katafila ta baje sauran.

Har yau ba na bi ta layin. Na fahimci cewa a wurinmu ba a auna magana, mai maganar ake aunawa, ni kuma ba ni da nauyi.

Da sallar da ta wuce na je gaida Kawu, ya ja ni bayan gida in ga sabuwar rumfar awakinsa. Ya bugi azarar da ke riƙe da ita ya ce, "Daga tsohon ofishin nan na ɗauko. Dubi, ko gara ba ta taɓa ta ba. Kai, mutanen da sun iya aiki!"

Na ce, "Haka ne, Kawu."